Sharhi: Hannayen jarin da masu su ba su karɓa ba, wa ya cancanta kuma har zuwa yaushe?

A gidajen tsofaffin ma'aikata da 'yan kasuwa na Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum, ba abin mamaki ba ne magada su buɗe akwatin mamaci su tarar da wata takarda mai kauri, mai hatimi da sunan kamfani, an naɗe ta tare da takardun fili da na fansho. Sau da yawa sunan kamfanin ya ɓace daga allunan kan titi shekaru da dama, don haka sai a mayar da takardar akwati, a raba gona da gida da dabbobi, a tashi. Wani lokaci takardar ta mutu da gaske. Wani lokaci kuma tana nan da ranta, tana tara riba a wani ofishi a Legas da sunan mutumin da ya daɗe a ƙasa.

Yawan kuɗin da ke kwance ta wannan hanya ba ƙarami ba ne. A watan Agustan 2023, Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari ta Ƙasa, wato SEC, a ƙarƙashin shugabanta na lokacin Lamido Yuguda, ta bayyana cewa ribar hannun jarin da masu ita ba su karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190. Tambayoyin da ke tattare da wannan dukiya uku ne: wa doka ta ɗauka a matsayin mai ita, da wace hujja zai karɓa, kuma ko akwai ranar da ƙofa za ta rufe. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar su ita ce a duba abin da ke faruwa idan ƙungiyar da mambobinta suka mallaka ta rikiɗe ta zama kamfanin masu hannun jari, domin a nan ne matsalar ta fi fitowa fili.

Yadda mamba ke zama mai hannun jari

A ƙasashe da dama an daɗe da kamfanonin inshora na taimakon juna. Irin wannan kamfani ba shi da masu hannun jari daga waje. Waɗanda ke biyan kuɗin inshorar su ne masu shi, su ke zaɓen shugabanni, kuma rarar da ta saura bayan biyan diyya tasu ce. Tsarin ya yi kama da ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da ake da su a makarantu da asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, inda kowa mamba ne kuma kowa mai dukiya ne.

Idan irin wannan kamfani ya girma har yana neman jari mai yawa, sai ya sauya siffa ya zama kamfanin da ake sayar da hannayen jarinsa a kasuwa. A ranar da aka yi haka, haƙƙin mamba na zaɓe da na rara ya ƙare, a madadinsa kuma a ba shi hannayen jari ko kuɗi. Mutane kan kira su hannayen jari na kyauta, amma a haƙiƙa diyya ce ta mallakar da mamba ya saki.

Misali mafi kusa a nahiyar Afirka shi ne Old Mutual na Afirka ta Kudu, wanda aka kafa a Kef Tawun a 1845. Ya sauya siffa a 1999, aka sa hannayen jarinsa a kasuwannin Landan da Johannasbag da wasu ƙasashen kudancin Afirka, shekara guda bayan takwaransa Sanlam ya yi haka a 1998. Mambobi masu ɗimbin yawa sun cancanci rabo, amma da yawansu ba a same su ba: wasu sun sauya mazauni, wasu sun rasu, wasu kuma ba su ma san cewa biyan kuɗin inshora ya mayar da su masu kamfani ba. Sai aka zuba rabonsu a wani asusun amana na hannayen jarin da ba a karɓa ba. Bayan wa'adin ya cika aka rufe asusun, kuma daga abin da ya saura aka kafa Asusun Masisizane a 2007 domin tallafa wa ƙananan sana'o'i. A Birtaniya ma haka aka yi da Standard Life, wanda ya sauya siffa a 2006, ya ba mambobinsa shekara goma su karɓi rabonsu, wa'adin ya ƙare a 2016.

Abin lura a nan shi ne cancanta ba ta dogara da tsawon shekarun da mutum ya yi yana hulɗa da kamfani kawai ba. Kowane tsarin sauya siffa yana tsayar da rana guda. Wanda yake mamba mai inshora mai rai a wannan rana ya shiga, wanda inshorarsa ta mutu kafin ranar ko ya shigo bayanta bai shiga ba. Idan wanda ya cancanta ya rasu, haƙƙin ya koma cikin dukiyar da ya bari, magada su nema da hujja. Sannan wa'adin karɓa yana da ƙarshe.

Abin da ya faru a kasuwar hannun jari ta Najeriya

Kasuwar inshorar Najeriya ta ginu ne a kan kamfanonin masu hannun jari, har da waɗanda sunansu ke nuna taimakon juna. Babbar sauya siffa da aka yi a ƙasar nan ta faru ne a kasuwar hannun jari kanta. An kafa ta a Legas a 1960, ta zama Kasuwar Hannun Jari ta Najeriya a 1977, kuma tsawon shekara sittin mallakar mambobinta ce, ba ta raba riba. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ba ta damar sauya siffa a 2018, mambobi suka amince a watan Maris na 2020, aka kammala a watan Maris na 2021, ta zama rukunin kamfanonin NGX. A watan Oktoban 2021 aka fara cinikin hannayen jarinta.

Yadda aka yi rabon ya nuna an hango rigimar cancanta tun kafin ta taso. An raba kashi 98 cikin 100 na hannayen jarin tsakanin mambobi dillalai da sauran mambobi bisa ma'aunin 78 da 22. Sauran kashi 2, kimanin hannayen jari miliyan 40, an ware su gefe domin waɗanda za su zo daga baya su ce su ma mambobi ne an tsallake su, aka kuma kafa kwamiti na musamman da zai saurari ƙorafinsu ya yanke hukunci.

A nan akwai rashin fahimta da ya kamata a kawar. Wanda ya sayi hannun jarin wani banki ko kamfanin siminti ta hannun dillali bai zama mamban kasuwar ba, don haka ba shi da rabo a wancan sauyi. Mambobi su ne kamfanonin dillalai masu lasisi da ɗaiɗaikun mutane da hukumomin da aka shigar cikin rajistar mambobi. Duk wanda ya zo wa ɗan kasuwa a Azare ko Gamawa da labarin cewa akwai rabonsa a NGX saboda ya taɓa sayen hannun jari, ya biya wani abu a fito masa da shi, to ɗan damfara ne.

Inda dukiyar mutanen Katagum ta maƙale

Abin da ya fi shafar talakan Arewa shi ne hannayen jarin da shi ko mahaifinsa ya saya da kuɗinsa. An yi manyan zagaye na saye a tarihin ƙasar nan. Na farko ya biyo bayan dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977. Na biyu shi ne sayar da kamfanonin gwamnati da aka fara a 1988 a ƙarƙashin kwamitin da marigayi Dakta Hamza Zayyad ya shugabanta, wanda ya yi ƙoƙarin ganin an watsa mallakar zuwa kowace jiha. Na uku ya zo bayan 2004, lokacin da Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Charles Soludo ya umarci kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25, bankuna suka ragu daga 89 zuwa 25, kuma ma'aikatansu suka shiga kasuwanni da ofisoshi suna tallar hannun jari. A shekarun nan ne kuma aka sayar da hannayen jarin Jaiz, wanda ya fara aiki a matsayin banki marar ruwa a 2012.

Mafi yawan kamfanonin da aka saya a wancan lokaci sun sauya suna ko sun narke cikin wasu. Bankin Inland, wanda ya samo asali daga Bauchi, ya haɗe da wasu bankuna uku ya zama First Inland, daga baya FinBank, sannan FCMB ya saye shi a 2012. Bankin Arewa ya shiga cikin bankunan da suka haɗu suka zama Unity a 2006. Kamfanin siminti na Ashaka, wanda yake cikin tsohuwar Jihar Bauchi kafin a yanke Gombe a 1996, ya koma ƙarƙashin Lafarge Africa, aka cire shi daga jerin kasuwar hannun jari a 2017. A kowace haɗewa akwai ma'aunin musanya da aka bi, kuma sau da yawa adadin hannayen jarin mutum kan ragu sosai, amma sunansa yakan bi zuwa rajistar sabon kamfani.

Ba kowace takarda ce ke da sauran daraja ba, kuma gara magada su san haka kafin su kashe kuɗin mota. A 2011 an soke lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank, aka miƙa kadarorinsu ga sababbin bankuna, haka aka yi wa Skye Bank a 2018. A irin wannan yanayi masu ajiya ake fara karewa, masu hannun jari kuwa su ne na ƙarshe a layi, kuma yawanci ba abin da ke isowa gare su.

Dalilan da suka sa riba ke taruwa ba a karɓa ba sanannu ne. A da, ana aiko da takardar riba ta gidan waya, kuma ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Azare zuwa Misau ko Ningi ya bar akwatin wasiƙarsa a baya. Takardar kan lalace bayan wata shida, kuma a wancan zamani ba a saka ta a asusun ajiya na talaka. Wasu sun sayi hannun jari da sunaye daban-daban domin su sami kaso mai yawa. Ga kuma matsalar da ta fi damun Hausawa, wato rubutun suna: mutum guda ya zama Muhammadu a takarda ɗaya, Mohammed a wata, Mamman a ta uku, yau ya sa sunan mahaifi, gobe ya sa sunan gari. Kwamfutar mai rajista ba ta san cewa duk mutum ɗaya ne ba.

Abin da doka ta ce game da wa'adi

Dole a bambanta hannun jari da ribarsa. Hannun jarin da aka saya aka biya yana nan da sunan mai shi a rajista komai daɗewa, har da ƙarin da kamfani ya yi wa masu hannun jari a tsawon shekaru. Riba ce ke da ƙa'idar lokaci. Dokar kamfanoni ta ɗauki ribar da aka ayyana a matsayin bashi a kan kamfani, wanda mai shi zai iya nema cikin shekara 12.

Dokar Kuɗi ta 2020, wadda aka sa wa hannu a ranar 31 ga Disamba na shekarar, ta sauya lissafin ga kamfanonin da ke kasuwar hannun jari. Ta tanadi cewa ribar da ta kai shekara shida ba a karɓa ba za ta koma wani asusun amana na kuɗaɗen da ba a nema ba, wanda Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa zai kula da shi. Gwamnatin Tarayya za ta riƙe kuɗin a matsayin bashi, kuma mai shi na iya zuwa kowane lokaci ya karɓa tare da abin da ya haifa. A 2025 hukumar SEC ta gargaɗi kamfanoni da masu rajista da su daina korar masu nema da hujjar cewa shekara 12 ta wuce, matuƙar ribar ba ta riga ta faɗa wa'adin ba kafin dokar ta fara aiki.

Ƙungiyoyin masu hannun jari sun yi adawa da tanadin tun yana gaban majalisa. Hujjarsu ita ce kuɗin na mutane ne, ba na gwamnati ba, kuma gwamnatin da ke cin bashi daga asusu ba za ta yi ɗokin neman masu shi ba. Masu goyon baya suka ce a tsohon tsari kuɗin kan koma wa kamfani bayan shekara 12 mai shi ya yi asara har abada, yanzu kuwa ƙofa ba ta rufuwa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Idan aka kwatanta da Old Mutual da Standard Life, tsarin Najeriya ya fi sassauci a takarda domin ba shi da ranar ƙarshe. Rauninsa yana wajen aiwatarwa: haƙƙin da ba ya mutuwa ba shi da amfani ga wanda bai san da shi ba.

Hanyar mai rai da hanyar magaji

Ga wanda ke raye, hanya ta yi sauƙi tun da SEC da Babban Banki suka ƙaddamar da tsarin biyan riba kai tsaye cikin asusun banki a 2015. Mutum zai duba sunansa a shafin intanet na SEC, inda ake nuna kamfanonin da yake da hannun jari a ciki da mai rajistar kowanne. Sai ya cike fom ɗin umarnin biya a bankinsa ko wurin mai rajista, da hotonsa da lambar BVN da katin shaida. Idan an tantance, ribar da ta taru za ta shiga asusunsa. Tsohuwar takardar shaida kuma ana kai ta wurin dillali mai lasisi a mayar da ita cikin asusun CSCS, wato ma'ajiyar hannayen jari da ta fara aiki a 1997, domin sai da haka ake iya sayarwa. Wanda sunansa ya saɓa zai buƙaci takardar rantsuwa daga kotu da shaidar bankinsa.

Hanyar magaji ita ce mai wuya, kuma a nan ne tsarin ya fi cin karo da rayuwar Arewa. A ƙasar Katagum, kamar sauran sassan Jihar Bauchi, ana raba gadon Musulmi ne a gaban malamai ko a kotun shari'ar Musulunci, kowa ya ɗauki rabonsa da aka ƙayyade. Masu rajista kuwa sun saba neman takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotu, tare da takardar shaidar mutuwa, da asusun banki da aka buɗe da sunan dukiyar mamacin. Samun waɗannan yana cin kuɗi da lokaci da zirga-zirga, kuma galibin masu rajista a Legas suke. Idan ribar da ake bi naira dubu arba'in ce, kuɗin neman ta kuwa ya haura haka, magada za su haƙura. Ƙananan kuɗaɗe irin waɗannan, da aka tara daga gidaje masu yawa, suna cikin abin da ya haɗu ya zama biliyoyin da ake magana.

Akwai kuma ɓangaren addini da bai kamata a tsallake ba. Hannun jari dukiya ce ta mamaci, don haka barin ta a waje yana nufin rabon gado bai cika ba, kuma waɗanda suka fi cutuwa su ne mata da marayu, da ba su cika sanin abin da mai gida ya mallaka ba. Tambaya kan halaccin ribar bankin da ke hulɗa da ruwa, ko ƙarin da asusun gwamnati zai biya, ta malamai ce, amma ba ta hana a lissafa asalin dukiyar a cikin gado.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta yanzu

An shiga wani sabon zagaye na neman jari a 2024. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya ɗaga mafi ƙarancin jarin bankuna, har zuwa naira biliyan 500 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta kai jarin kamfanin inshorar rai naira biliyan 10, na sauran inshora biliyan 15, na masu yi wa kamfanonin inshora inshora biliyan 35. Irin wannan umarni ne ya haifar da haɗe-haɗen 2005. Duk lokacin da kamfanoni suka haɗe, ana sauya sunaye da masu rajista da adadin hannayen jari, kuma wanda adireshinsa da lambar wayarsa suka tsufa a rajista ba zai ji kiran taro ba, ba zai sami tayin ƙarin hannun jari ba, ba zai san sabon sunan dukiyarsa ba.

Darasin ya shafi takaful ma, wato inshorar Musulunci da ke yaɗuwa a Arewa tun bayan da Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinta a 2013. A takaful, asusun diyya na mahalarta ne, kuma idan an sami rara ana raba musu. Wannan shi ne abu mafi kusa da inshorar taimakon juna a ƙasar nan. Mahalarci bai mallaki kamfanin da ke gudanar da asusun ba, amma yana da haƙƙi a rarar, don haka ya kamata ya san tun ranar sa hannu wa ya cancanci rabo, yaushe ake biya, da inda rabon wanda ba a samu ba yake komawa. Haka ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata a Azare, waɗanda wasunsu suka mallaki filaye da shaguna: ranar da za a rushe ƙungiya ko a mayar da ita kamfani, rajistar mambobi ce kaɗai za ta raba gardama tsakanin wanda ya yi ritaya, da wanda ya fita, da magadan wanda ya rasu.

Gyaran da ake buƙata ba ya bukatar sabuwar hukuma. SEC da masu rajista za su iya amincewa da takardar rabon gado ta kotun shari'ar Musulunci ga ƙananan kuɗaɗe, tare da tsayar da iyakar da ba sai an je Babbar Kotu ba. Za a iya kawo zaman tantancewa zuwa manyan garuruwa irin su Azare, a kuma yi shela da Hausa a gidajen rediyo. Alƙalai da malaman da ke rabon gado za su iya sanya tambayar hannun jari cikin abin da suke bincika tun farko, kamar yadda suke tambayar bashi da wasiyya. Magidanci mai rai kuwa aikinsa ya fi na kowa sauƙi: ya daidaita sunansa da wanda ke kan BVN da katin ɗan ƙasa, ya cike fom ɗin biyan riba, ya rubuta sunayen kamfanonin a takarda guda, ya nuna wa iyalinsa inda ya ajiye ta.